Neman bayanin kakana da ya je yaƙin Bama

Assalamu alaikum jama'a. Kakana na wajen uba an ɗauke shi soja daga ƙasar Zazzau lokacin yaƙin duniya na biyu. Gwaggona ta ce ƙasar Bama (wato Burma, Myanmar ta yanzu) aka kai su, ya dawo bayan 1945. Abin da ya rage mana takardar sallamarsa ce kawai, ita ma gara ta cinye daidai inda lambar sojansa take. Ga shi Turawa sun rubuta shi da sunan garin da ya fito maimakon na mahaifinsa.

Shin rajistar runduna ta 81 da ta 82, wato rundunonin sojojin Afirka ta Yamma da aka kai Bama, tana Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna, ko sai Ingila? Kuma ana iya binciko mutum ba tare da lamba ba? Don Allah wanda ya taɓa bi ya nuna min hanya.