Firaminista, Firimiya ko Shugaban Gwamnati: shawarwarin da aka bayar a Agege

A wata majalisa a Agege, matasan da ke fassara labaran duniya suna turawa a WhatsApp sun tattauna kan sunan da ya dace da mai riƙe da gwamnati. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara duba wa ke da iko kafin a zaɓi kalma. A Jamus akwai shugaban ƙasa, amma mulki yana hannun Kansila, don haka a ce shugaban gwamnati. Sifaniya kuwa sarki gare ta. Wanda suke kira Presidente del Gobierno firaminista ne, kada a maishe shi shugaban ƙasa.

Wani dattijo ya ce, 'ya'yana, ku tuna namu na gida: Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firaminista a 1957 a nan Legas, Sardauna kuma Firimiyan Arewa tun 1954. Kada a cuɗa su.

An ɗan ja kan Wazir-e-Azam na Pakistan. Wasu sun so a ce Babban Waziri. Akasari suka ƙi, ni ma haka, tunda wazirinmu na fada ne. Pradhan Mantri na Indiya ma firaminista kawai za a rubuta.