Neman shawara: rodin silba na cinye mani faifai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina da ɗan shagon walda a Mabera, cikin Sakkwato. An kawo mani aikin makarin bene na ƙarfen silba (farin ƙarfen nan da ake kira stainless), rodi mai kaurin milimita 12, guntaye wajen 200 zan fitar. Na sa wa ƙaramin injin yanka na hannu faifan da nake yanka baƙin ƙarfe da shi, sai ya ƙare da wuri, bakin rodin ya yi shuɗi, bayan 'yan kwanaki har tsatsa ta fito. Na koma zarto, haƙoran suka mutu. Mi za ni yi? Janareta ƙarama gare ni.

Wani dattijo daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ɗana. Tsatsar nan ba ta rodin ba ce, ta faifanka ce. Ƙurar baƙin ƙarfe da ta maƙale a jikinsa ita ka shafa wa silbar. Sayi faifai siriri mai milimita 1 wanda aka rubuta INOX a kai, wato na yankan silba, ka ware shi, kada yaran shago su taɓa wani ƙarfe da shi. Wanga ƙarfe ba ya sakin zafi kamar baƙin ƙarfe, nan wurin yanka yake tara shi, shi ya sa ya yi shuɗi. Ɗaure rodin da kyau, kada ka danne injin, bar nauyinsa ya yi aiki.

Wani makanike daga Buzaye:
Oga, ba gara ka sa masa wutar gas ba, ka huta?

Dattijon:
A'a, malam. Silba na da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Da zafi ya taɓa shi sai ya yi wani ɓawo da ke hana gas cinsa, narkewa kawai zai yi ya ɓata. In da wuta ne, injin filasma mai aiki da lantarki ke yanka shi, kuma ba na rodi ɗan wannan ba ne.

Wani daga Arkilla:
Batun zarto, ni ma na sha wannan wahala. Idan kana gurzawa da sauri ba ka dannawa, wurin ƙara tauri yake yi, sai ya kashe haƙora. Nemi ruwan zarto mai haƙora 24 a inci, ka tafi a hankali da ƙarfi, ka ɗiga ɗan mai. Amma guntu 200 da hannu cikin zafin Sakkwato? Allah ya ba da lafiya! Babban injin yanka mai faifai inci 14 ya fi sauri, sai dai yana jan wajen wat 2000, janaretarka ba za ta tayar da shi ba. Tsaya ga ƙaramin. Ka kafa wani ƙarfe a daidai tsawon da kake so, rodi na tokare shi sai ka yanka, ba sai ka auna kowane ba. Siririn faifai na fashewa idan ka karkata shi, don haka kada ka cire murfin injin, ka sa tabarau.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode maigida. Waɗanda suka riga suka yi tsatsa hwa?

Dattijon:
Goge su da sabon sanfefa ko burushin waya na silba, ba na baƙin ƙarfe ba.