Hotunan ɗiyata duk duhu suke fitowa, laifin wayar ne ko nawa?

Maman Ilham, Arkilla: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Yau kwanana 33 da haihuwa, ina gidanmu ina wanka. Baban yarinyar a Fatakwal yake aiki, washegarin suna ya koma, kullum maganarsa in turo hoto. To duk wanda na ɗauka in bai yi duhu ba ya yi dishi-dishi, in na kunna filasha kuma goshinta ya yi ta ƙyalli, ido a runtse. Jiya har ya ce "anya wagga ɗiyata ce?" Wasa yake, amma abin ya tsaya min a rai. Inna ta ce ba mai fita da jaririya wurin mai hoto cikin hazon nan. Wayata Tecno ce, ta shekara biyu. In canza waya ne kafin arba'in, ko in kira mai hoto gida?

Anti Balki, Mabera: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Ƙanwata, ajiye kuɗinki. Na rantse cikin ɗaki kike ɗauka da dare, labule a sake, ƙwan lantarki a saman kai. Haka ne ko? Waya in haske ya yi mata kaɗan sai ta daɗe kafin ta kama hoton, jariri kuwa ba ya daina motsa hannu, shi ne dishi-dishin da kike gani. Ki bari sai hantsi, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, ki yaye labule, ki kashe ƙwan ɗakin da filasha duka. Shimfiɗa katifa a ƙasa kusa da taga ko bakin ƙofa, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan jikinta. Hasken ya zo mata ta gefen fuska, daga wajen kai. Ke kuma kar ki tsaya ki tare shi, kar kuma ki sa tagar a bayanta, nan ne take komawa baƙar inuwa. Tsakar gida da tsakar rana kam a'a, kin san ranar Sakkwato, ko babba sai ya yamutsa fuska. Ƙarƙashin dogon yaro ma na gwada da nawa, fuskar ta fito dabbare-dabbare saboda ganye.

Maman Ilham, Arkilla: Wallahi Anti kamar kina ɗakin. Bayan isha'i nake ɗauka, lokacin ne yake kira.

Maman 'yan biyu, Runjin Sambo: Ni abin da ya wahalar da ni farin shawul ne. Mun saba naɗe jariri cikin fari tas, waya kuma in ta ga fari ya cika wuri sai ta rage haske don kada ya ƙone, fuskar yaro baƙi ta tafi da shi. Ki taɓa fuskarta a kan allon wayar kafin ki ɗauka, wata 'yar alama kamar rana za ta fito, ki ja ta sama kaɗan. Ko ki sa zane mai ruwan ƙasa ko ruwan toka mara ado. Atamfa mai manyan furanni tana cinye yarinya, sai a riƙa kallon zanen. Man kaɗanya kuma a bar shi ya shiga jiki tukuna, shi ke kawo ƙyallin goshin nan.

Baban Walid, Gawon Nama: Hajiya, a goge gilashin kyamara da gefen mayafi, wayar mai jego ba ta rabuwa da maiƙo. A kashe abin gyaran fuskar nan da ke zuwa a kunne, yana goge fatar jariri ta koma kamar roba. Kada a jawo hoto da yatsu, a matsa kusa. Sannan WhatsApp yana rage ingancin hoto, a danna HD kafin a tura.

Sista Hadiza, ma'aikaciyar jinya: Duk sun faɗi gaskiya, ni tsoro ɗaya zan ƙara. Hotunan da kuke gani a Instagram, jariri ya tallafe haɓa da hannu biyu ko yana lilo cikin zane, hoto biyu ne ake haɗawa a kwamfuta, akwai hannun babba riƙe da kan, gogewa aka yi. Don Allah kada a gwada a gida. Ɗan wata ɗaya wuyansa bai ɗaukar kansa, sai wajen wata 4, zama kuwa wajen wata 6. A kwance za ki ɗauke ta, ko a kafaɗar Inna. In za ki ɗauka daga sama ki riƙe wayar da hannu biyu. Kar a tuɓe ta saboda hoto cikin hunturun nan. Kwallin da ake rangaɗa musu don ido ya fito kuma, wani yana da dalma a ciki, ni ban sa wa nawa ba. Lokaci mafi sauƙi shi ne bayan wanka ta sha nono ta ƙoshi. Murmushin gaske yakan fara ne daga sati 6 zuwa 8, kin kusa.

Goggo Asabe, Ƙofar Marke: Ɗiyata, ki ɗauka ki aika ma ubanta da kakanni, shi ke nan. Ba sai duniya duk ta gani ba, baki abin tsoro ne. Kuma ki ɗauko hotonta a hannun Innarku, wata rana shi za ki fi so.

Maman Ilham, Arkilla: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Da safen nan na ja katifa bakin ƙofa, na ɗauki kusan 30, huɗu sun yi kyau sosai, har gashin girarta ana gani. Ya kira sau biyu, wai ashe hancinsa ta ɗauko. Goggo, Inna ta ce sai ta sake ɗankwali tukuna. Anti Balki, tagar ɗakin da zan koma yamma take kallo, can kuma da wane lokaci zan riƙa ɗauka?

Anti Balki, Mabera: Da safe zuwa azahar, kafin rana ta juyo ta shigo ɗakin. In ta riga ki, saki farin labule mara kauri ki ɗauka a haka.