Abin da muka tattaro kan bushewar farce

Hirar ta taso ne a gidan suna, da wata ta nuna mana faratanta duk sun daddare, ga layi-layi a tsaye kamar kunya a gona. Kowa ta kawo tata dabarar.

Yawancinmu mun ɗora laifin a kan ruwan omo da iskar hunturu. Farce ya jiƙa ya bushe sau goma a wuni, dole ya yi ta karyewa. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce man kaɗanya ko basilin, a murza har gindin farcen bayan wanke-wanke da lokacin kwanciya. Sai dai a yi haƙuri, farcen hannu kusan milimita 3 yake tofowa a wata, kafin ya sabunta gaba ɗaya sai wajen wata 6.

Wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta ce layin tsaye yawanci shekaru ne, ba cuta ba. Amma in farce ya lotsa kamar cokali, a je a auna jini, ƙila ƙarancinsa ne.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne reza. Kowa ta riƙe tata, don ciwon hanta yana bin reza.