Wace alama zan sa tsakanin sunan domain da sunan ma'aikaci?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini, kwana uku ke nan abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni ke kula da kwamfutocin wani ofishi a Garki, nan Abuja. A Windows ma'aikata suna shiga ta Active Directory, tsarin Microsoft mai riƙe da sunayen masu shiga: suna rubuta sunan domain (sunan da ya haɗa kwamfutocin ofis), sai alamar \, sai sunan mutum. Da muka haɗa sabar Ubuntu (wani nau'in Linux) da Samba da winbind, manhajojin da ke sa ta gane sunayen masu shiga na Windows, sai alamar ta zame mana ƙarfen ƙafa, don bash, inda ake rubuta umarni a Linux, haɗiye ta yake yi, sai ka rubuta ta sau biyu. Jiya bayan Magariba ina zaune ni kaɗai, janareto na ruri, chown, umarnin canza mai fayil, yana ta cewa babu mai wannan suna, alhali ga sunan a wbinfo -u, umarnin da ke jero sunayen masu shiga domain, ina kallo.

Na mayar da winbind separator, wato alamar da ke raba sunayen biyu, zuwa + a smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, shiga ta yi daidai. To amma bayanin Samba da kansa ya yi gargaɗi cewa + tana rikita rukunin masu shiga, saboda NIS, wani tsohon tsarin raba sunaye tsakanin kwamfutoci, yana amfani da ita a /etc/group, fayil ɗin da ke riƙe da rukunoni. Ita kuwa @, a valid users, jerin waɗanda aka yarda su shiga, rukuni take nufi, shi ya sa nake ɗari-ɗari da ita.

Na san saitin winbind use default domain zai cire sunan domain ɗinmu, sai dai reshenmu na Jos nasu domain daban ne, dole su rubuta cikakken suna.

Wanda ya daɗe da + a aiki, ta taɓa ɓata masa izinin fayil? Ko in haƙura da \ in gyara rubutattun umarnina? Ranar Litinin za a fara amfani da sabar.