Kujerar direba a motar tseren ɗalibai: a ba mu shawara

Yakubu: Salamu alaikum 'yan zaure. Mu ɗaliban injiniya ne a Tech, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, muna haɗa ƙaramar motar tsere mai mazauni ɗaya bisa dokokin Formula Student, gasar motocin tsere da ɗalibai ke ƙerawa. Mai walda ya gama, inji ya tashi, kujera ce ta tsaya mana a wuya. Mun ɗaura ta roba don gwaji, amma da an sha kwana sai direba ya zame, ya ƙanƙame sitiyari kar ya faɗa gefe. Direbobinmu huɗu ne, akwai dogo mai faɗin ƙirji, akwai ƙanwarmu da ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

Baba Sule: Wa alaikumus salam ɗana. Ku kawo ta Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Tun ba a haife ku ba nake ɗinkin kujerar mota. Soso mai kauri zan sa muku, mutum ya zauna kamar a falo.

Anti Rabi: Baba, a gafarce ni, a nan laushi shi ne cutar. Soso mai kauri yana lotsewa a kwana, jiki ya bi shi. Kuma da ƙugu da gadon baya direba ke jin tayoyin baya sun fara sulɓewa, in ka sa shi kan katifa ka toshe masa wannan jin. Yakubu, ku yi wa kujerar kwarya mai tauri da faiba (fibreglass), ku auna ta da dogon naku. Gefenta ya tashi ya riƙe ƙugu, cinya da haƙarƙari, amma a bar wa gwiwar hannu wurin juya sitiyari. Ƙarƙashin cinya ya ɗan ɗago, don kar mutum ya zurma gaba in ya take birki. Sai kowane direba a zuba masa nasa ciko da kumfar nan mai ruwa biyu: a shimfiɗa babbar leda mai kauri cikin kwaryar, ya zauna a kai da kayan tserensa da hular kwano, hannu a sitiyari, ƙafa a birki, a gauraya a zuba ta bayansa. Kar ya motsa sai ta daskare. A tseren juriya na kilomita 22 ana canjin direba a tsakiya, nan take a zare cikon wannan a sa na wancan.

Hamza: Na taɓa zuba irinta. Tana zafi sosai lokacin da take kumbura, mu kuma mun cika ta, leda ta fashe, wandon abokina bai sake sawuwa ba. Ku riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, ƙasa tukuna, sannan baya.

Yakubu: Mun gode Anti. Wasu cikinmu sun dage sai kabon faiba.

Anti Rabi: Ku bar kuɗin ku sayi bel ɗin ɗaure direba mai kyau. Ɗan nauyin da kabon zai rage muku bai kai wahalar nemansa ba. Kuma kafin ku taɓa rezin, ruwan da ke ƙafar da faiba, ku buɗe littafin dokokin. Dole motar ta ɗauki mace mai ƙaramin jiki har zuwa namiji ƙato. Hular kwano ta kasance aƙalla milimita 50 ƙasa da layin da ya haɗa saman bakan ƙarfen gaba da na baya. Matashin kai kaurinsa milimita 40 ko fiye, tazararsa da hula kar ta wuce milimita 25. In bayan kujera ya kwanta fiye da digiri 30 daga tsaye, sai bel mai maɗauri 6 ko 7. Ƙasan kujera ma kar ya sauka ƙasa da ƙarafan gindin motar. Abin da ya fi damuna ƙanwar taku ce: in ciko ya ɗaga ta, ku sake duba bel ɗin kafaɗa, kar ya gangara baya da yawa, don in an yi karo zai danne mata ƙashin baya. A jikin ƙarfen mota ake ɗaure bel, ramukan kujera hanya ce kawai, kar su lanƙwasa shi.

Malam Idi: Ni dai zafi nake tunawa. Inji na bayan yaro, ga ranar Kumasi. A sa allon ƙarfe tsakani, a bar wa iska hanya.

Hamza: Kuma gefen kar ya yi tsayin da zai maƙale mutum. Daƙiƙa 5 ake ba direba ya kwance bel ya dira ƙasa. Ku gwada da agogo, da dogon za ku fara.

Baba Sule: To 'yata, na ji, gaskiyarki. Amma kumfa tsirara marmashewa take yi, gumi ma ya lalata ta. In kun gama ku kawo cikon, in datse bakinsa in lulluɓe shi da yadi mara santsi. Ramukan bel ɗin ma zan bi su da fata kar faiba ta ci bel.

Anti Rabi: Wannan kam sai ku, Baba. A nemi yadin da ba ya saurin kama wuta.

Yakubu: Allah ya saka da alheri. Asabar za mu fara gwada zama da katako da kwali mu tsayar da kwanciyar bayan. Baba, bayan azahar kana shago?

Baba Sule: Ina nan. Ku taho da yarinyar da hularta.