An ba ni riƙon firamare, tsofaffin malamai sun ƙi sabon tsarin karatu

Shugabar firamare:
Assalamu alaikum malamai. Wata 4 ke nan da aka ba ni riƙon wata firamare a bayan gari. A makon farko na shiga aji 5, na riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya ina ba su takarda mai haruffa da kalmomi da gajeren labari. Wata yarinya ta riƙe takardar, leɓenta na rawa, ta kasa haɗa "ba" da "ki". Littafinta kuwa cike yake da rubutu tsaf, duk kwafe daga allo. Abin ya tsaya mini a rai.

Na kawo shawarar mu ware awa ɗaya kullum da safe, mu raba 'yan aji 4 zuwa 6 gwargwadon inda karatun kowa ya tsaya. A taro kowa ya ce "to". Kashegari malamai 2 ne suka fito. Mataimakina, wanda a haife ya haife ni, ya ce manhaja ba ta san da wannan ba, kuma in sufeto ya zo littafin tsara darasi zai duba. Yaya zan yi?

Tsohon hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin kai maganar wurin taro kafin ki kai ta wurin dattijon nan, shi ya sa. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi, ki ce, "Baba, zo ka gwada mini yara 10." Ki ba shi takardar, ki ja bakinki ki yi shiru. In ya ji da kunnensa, ba sai kin yi wa'azi ba. Tsoron sufeto kuma gaskiyarsa ce. Ki je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ki samo izini a rubuce, ki manna kusa da jadawali.

Malamin aji daga Wudil:
Hajiya, abin da kike son yi ƙungiyar Pratham ce ta faro shi a Indiya, kuma an gwada shi nan Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin KaLMA, shirin inganta karatu da lissafi na jihar Kano, tun 2019. Ba ya cin kuɗi. Mu kwalin taliya muke yankawa mu rubuta gaɓoɓi, lissafi kuma tsinken tsintsiya ake ɗaurewa goma-goma da kyauro. Inda za ki sha wuya shi ne manyan yara. Na ga ɗan aji 6 ya tsaya a bakin taga ya ƙi shiga don an haɗa shi da ƙaninsa. Kada a kira wani rukuni na daƙiƙai, kuma a riƙa sake gwaji a kai a kai, wanda ya iya ya haye gaba. Sannan don Allah awar nan ta fito daga cikin lokacin aiki. Mai fama da yara 90 ba zai ɗauki ƙari ba.

Uwa a kwamitin makaranta:
Ku gaya wa iyaye tukuna. Ɗana ya taɓa dawowa da kuka wai an mayar da shi baya, sai da na yafa mayafi na je na ji bayani. Da liman ya sanar a masallaci, da ba a kai ga haka ba.

Shugabar firamare:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, yau bayan la'asar zan je gidan mataimakin nawa. Malam na Wudil, katin gaɓoɓin nan guda nawa kuke yanka wa rukuni ɗaya?